Girman kifi ko amanar ruwa: Da me ake auna shahararren masunci a Damagaram?

Idan aka ambaci Zinder, abin da kan fara zuwa a rai shi ne duwatsun Birni, da fadar Sarkin Damagaram, da kuma ƙarancin ruwan sha da mutanen garin suka daɗe suna kuka da shi. Ba kasafai ake tuna kifi ba. Amma jihar Damagaram tana da tafkunan da ake su a cikinsu, tana da masunta, kuma kamar kowace sana'a, a cikinsu akwai gwanayen da sunansu ya wuce ƙauyensu.

Tafkin Gidimuni, wanda ke gabas da Zinder a kan hanyar Gure, yana cikin fitattu. A shekarar 2019 aka sanya shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Tun kafin nan, a 2005, tafkin Lasuri da ke yankin Damagaram Takaya ya shiga wannan jeri, kuma tarwaɗa da gaiwa ne kifayen da aka fi kamawa a cikinsa. A kudu kuma akwai kwarin Korama, wanda ya ratsa ƙasashen Matamaye da Mirya da Magarya, inda ruwa ke kwanciya a ƙananan tafkuna bayan damina.

Duk waɗannan ruwaye ƙanana ne. Wasu kan tsinke su zama kududdufai idan rani ya yi nisa, wasu su ƙafe ƙurmus, ga kachala da rairayi suna cin gefensu kowace shekara. A kogin Kwara ko tafkin Chadi, ɓarnar mutum ɗaya tana iya ɓacewa cikin yawan ruwa. A tafkin da ake hango gaɓarsa ta ƙetare, masunta ƙalilan sun isa su kwashe kifin shekara biyu a cikin 'yan makonni. Shi ya sa halin wanda ake kira gwani, wanda samari ke kwaikwayon komarsa da lokacin shigarsa ruwa, ya zama abin da ya shafi tukunyar kowa.

Yadda ake yin suna a ruwa

Su sana'a ce da ba ta da shaida. Manomi kowa na ganin gonarsa, maƙeri kowa na jin ƙarar maƙerarsa, amma masunci kan shiga ruwa da asuba ko cikin dare, abin da jama'a ke gani kawai shi ne abin da ya sauke a gaɓa. Ta yaya ya kama, a ina ya kama, da wace irin koma, wannan tsakaninsa da Allah ne da kuma abokan sana'a. Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma, sai dai kifin ba ya ba da shaida a gaban sarki.

A al'adar sarkanci ta ƙasar Hausa, wadda aka fi danganta tushenta da Sarkawan Kabi, yawan kamu ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke ɗaga sunan mutum. Ana girmama wanda ya san zurfin ruwa da ramukansa, wanda ake kira idan yaro ya nutse, wanda ake kai wa mutum idan ƙayar kifi ta maƙale masa a wuya. Ana kuma jingina wa wasu asirai da tsatsuba, har a ce wane yana kiran kifi ya zo. Daga cikin irin waɗannan mutane ake naɗa Sarkin Ruwa, wanda aikinsa ya haɗa da buɗe ruwa da rufe shi, da raba gardama tsakanin masunta, da karɓar baƙin da suka zo su daga wata ƙasa.

Wato a da, suna da nauyi tafe suke tare. Wanda aka fi yabo shi ne wanda za a fara tuhuma idan ruwa ya lalace.

Abin da ya sauya lissafin shi ne kuɗi da kyauta da kuma wayar hannu. Yau hoton mutum rungume da ƙaton giwan ruwa yana zagaya WhatsApp da Facebook da TikTok cikin sa'a guda, ya kai inda kirarin makaɗa bai taɓa kaiwa ba. Hoton yana nuna girman kifi, ba ya nuna komar da ta kama shi.

Abin da ya faru a Matan Fada

Babu inda aka fi ganin wannan kamar Argungu a Jihar Kebbi ta Najeriya, garin da ya zama zakaran gwajin dafi ga duk mai taƙama da su a yankin nan. Bikin kamun kifin Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ziyarar da ta zama alamar kawo ƙarshen tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gado na ɗan Adam.

Ƙa'idar gasar mai sauƙi ce. Ana hana su a Matan Fada tsawon shekara. Ranar biki, dubban masunta su jeru a gaɓa, kowa da homarsa da gorarsa, a ba da alama su ruga cikin ruwa, a ba su kimanin sa'a ɗaya. Wanda kifinsa ya fi nauyi a sikeli shi ne zakara. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗora shi a ma'auni. A 2020, da aka dawo da bikin bayan ya shafe kimanin shekara goma ba a yi ba, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78, kuma kyautar ta haɗa da motoci da kujerun Makka da miliyoyin naira.

Ga mutumin da ke sayar da kifin kwano ɗaya ya ciyar da gida, wannan kyauta ta fi ƙarfin abin da zai tara a shekaru masu yawa. Kuma a 2008 an ga abin da take iya jawowa. A wannan shekara an bayyana wani masunci a matsayin zakara da kifi mai nauyin kusan kilo 66, aka yi masa tafi, aka ɗauki hotuna. Daga baya abokan gasarsa suka kai ƙorafi cewa kifin ba a Matan Fada aka kama shi ba. Da aka duba, aka tarar alamun jikinsa sun nuna ya daɗe da mutuwa kafin a fito da shi daga ruwa, abin da ya sa aka yi zargin an kamo shi ne a wani wuri aka shigo da shi a ɓoye. Aka ƙwace kambun, aka tsare mutumin, labarin ya bazu har kafafen yaɗa labarai na ƙasashen waje.

Abin lura a nan shi ne su wane ne suka tona asirin. Alƙalan gasa sun auna kifin sun amince, manyan baƙi sun yi tafi. Masunta ne suka ce a'a, domin su suka san irin kifin da wannan ruwa ke iya bayarwa, kuma su suka san bambancin kifin da ya mutu yanzu da wanda ya kwana. Sunan masunci a hannun 'yan'uwansa masunta yake, ko a Argungu ko a Gidimuni.

Irin wannan maguɗi bai tsaya ga talauci ba. A watan Satumban 2022, a wata gasar kamun kifi a tafkin Erie da ke Jihar Ohio ta Amurka, an farke cikin kifayen wasu mutum biyu da suka saba lashe gasa, aka tarar an cusa musu dunƙulen dalma don su ƙara nauyi. Kotu ta ɗaure su kwana 10, ta ƙwace jirgin ruwansu, aka kuma dakatar da lasisinsu na su na shekara uku. Bidiyon tonon asirin ya fi duk nasarorinsu na baya yawo a duniya.

Masu fatsar gashin tsuntsu

A Turai da Amurka akwai wani nau'in fatsa da masu yin sa ke ɗaukar kansu a matsayin manyan gidan sana'ar. Ba sa sa tana ko gara a ƙugiya. Suna ɗaure ta ne da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci, sannan su wurga ta da doguwar sanda mai lanƙwasa ta sauka a kan ruwa a hankali. Yawancinsu ba don abinci suke yi ba, nishaɗi ne da nuna gwaninta. Kuma da yake ba yunwa ke kai su ruwa ba, sun samu sararin yin doguwar gardama kan abin da ya dace da abin da bai dace ba, gardamar da ta ɗaga wasu ta kuma zubar da wasu.

A kudancin Ingila, a ƙarshen ƙarni na 19, wani mai suna Frederic Halford ya yi suna a kogin Test da koyarwar cewa mutumin kirki ba ya jefa ƙugiya sai wadda ke yawo a saman ruwa, kuma sai ga kifin da ya gani da idonsa yana tasowa cin ƙwari. Almajiransa suka mayar da wannan kamar doka. Sai wani lauya, George Skues, wanda ke fatsa a kogin Itchen, ya lura cewa kifin ya fi cin 'ya'yan ƙwari a ƙarƙashin ruwa kafin su yi fiffike, don haka ya riƙa nutsar da ƙugiyarsa kaɗan. Ya wallafa littafi a kan haka a 1910. Mabiyan Halford suka ɗauki abin a matsayin rashin ɗa'a. Halford ya mutu a 1914, amma rigimar ba ta bi shi kabari ba. A 1938 aka yi zaman muhawara a ƙungiyar masu wannan fatsa da ke Landan, aka taru a kan Skues yana ɗan kimanin shekara 80, kuma a wannan shekara ya bar yankin kogin da ya yi sama da shekara 50 yana fatsa a cikinsa. Yau dabarar tasa ce ake koyarwa ko'ina.

Mai karatu a Zinder na iya yin dariya, ya ce masu ƙoshi ne ke faɗa kan ko ƙugiya ta nutse ko ta yi iyo. Da gaskiyarsa, domin rabin rigimar girman kai ne da nuna aji. Amma a ƙarƙashinta akwai tambayar da masuncin Korama ma ya sani: idan wata dabara ta fi kama kifi, shin wannan kaɗai ya isa ya halatta ta?

Ba'amurke Lee Wulff ya ba da tasa amsar tun a shekarun 1930, inda ya yi amfani da sunansa wajen yaɗa ɗabi'ar kama kifi a sake shi da rai, bisa hujjar cewa babban kifi ya fi amfani a ruwa fiye da a tukunyar mutum ɗaya. Daga baya ɗabi'ar ta zama doka a koguna da dama. Ta iso har Afirka: a kogin Faro da ke arewacin Kamaru, baƙi 'yan yawon buɗe ido kan biya kuɗi masu yawa su kama giwan ruwa da tsage da irin wannan ƙugiya, su ɗauki hoto, su mayar da su ruwa. To amma ko a Turai ba a haɗu a kanta ba. A Jamus da Suwizalan, dokokin kare dabbobi suna kallon kama kifi da niyyar sakinsa a matsayin azabtar da rai don wasa.

Su ma masu gashin tsuntsun suna da nasu abin kunyar. A 2009 wani matashi Ba'amurke, wanda ya yi suna tun yana yaro wajen ɗaura waɗannan ƙugiyoyi, ya fasa gidan adana kayan tarihin halittu da ke garin Tring a Ingila, ya sace fatun tsuntsaye 299, wasu an tattaro su tun ƙarni na 19, don ya sayar da gashinsu ga masu sha'awar ƙugiyoyin ado. Da yawa daga cikin masu sayen sun ga irin gashin da bai kamata a same shi a kasuwa ba, suka saya ba su tambayi asalinsa ba.

Abin da ake saki a Damagaram

A ce wa masuncin Lasuri ya kama tarwaɗa mai kilo biyar ya sumbace ta ya mayar ruwa, magana ce da ba za ta shiga kunne ba, kuma babu dalilin da zai sa ta shiga. Kifin nan shi ne kuɗin hatsi, shi ne kuɗin magani da na makaranta. Sai dai akwai sakin da ya dace da wannan ƙasa, kuma tsofaffin masunta sun san shi tun kafin a ji labarin Wulff: a bar ƙanana su wuce ta idon koma, a bar masu ƙwai su yi ƙwansu.

Halittar kifayen yankin ita ke nuna inda haɗarin yake. Macen karfasa tana ɗaukar ƙwanta da 'ya'yanta a cikin baki har su yi ƙwari, don haka wanda ya kama ta a wannan lokaci ɗaruruwan kifi ya kashe a jefa ɗaya. Tarwaɗa kan fita cikin ciyawar da ruwa ya malale a farkon damina don yin ƙwai, lokacin da ta fi sauƙin kamawa, har da hannu ko sanda. Gaiwa kuwa, idan tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da majina, ta yi watanni tana shaƙar iska har ruwa ya dawo. Masu haƙo ta da rani sun san ramukanta. Idan aka haƙe duka, ruwan baɗi zai dawo ya tarar da gidan babu kowa.

Kayan aikin ma sun sauya. Birgi da kalli da mamari da gura duk an san su, kuma kowanne yana da ƙa'idarsa. Matsalar tana ga kallin roba mai ƙananan idanu, da taru da ake ja yana share ƙasan tafki, da kuma gidan sauro da ake rabawa don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, wanda a ƙasashen Afirka da dama ya koma koma. Gidan sauro ba ya barin komai, har ƙwai. Sai kuma guba. A da magimfa ake dakawa a zuba a ruwa, daga baya maganin ƙwari na gona ya shigo, wanda ke kashe kifi ya kuma bar dafi a ruwan da shanu da raƙuma ke sha, da wanda masu garka ke ban ruwa da shi. A Gidimuni, inda lambuna suka kewaye tafkin, da kuma Lasuri, inda makiyaya ke shayarwa, wannan ya wuce rigimar masunta zalla.

Dokar Nijar ba ta yi shiru ba. Dokar su ta watan Disamban 1998 ta wajabta wa mai sana'ar mallakar takardar izini, ta kuma haramta amfani da guba da abubuwa masu fashewa, kuma jami'an ruwa da dazuka ne aka ɗora wa alhakin tsare ta. Haka nan gwamnati da ƙungiyoyin raya karkara sun daɗe suna zuba 'ya'yan kifi a tafkunan ƙasar, sannan a rufe su na wasu watanni har kifin ya girma, a ɗora wa kwamitin masunta alhakin gadi. Tsarin yana da kyau a takarda. Amma jami'i ɗaya a kan babur ba zai kwana a bakin kowane tafki ba, kuma wanda zai saci ruwan da aka rufe ba baƙon da bai san hanya ba ne. Sai wanda ya san inda kifi ke taruwa, ya san daren da babu farin wata, ya iya jefa koma ba tare da ƙara ba. Wato gwani.

A nan ne sunan mutum ke zama ko dai katanga ko ƙofa. Idan wanda ake ji da shi a gari ya rataye komarsa ranar da aka rufe ruwa, yaron da ya koya a hannunsa zai ji nauyin shiga. Idan kuwa aka ga matarsa tana suyar kifi a watan da aka hana su, babu tarar da za ta tsare wannan tafki, domin kowa zai ce wane ma ya shiga. Shi kansa Sarkin Ruwa yana cikin tsaka mai wuya: masunci ne mai iyali, 'ya'yansa da ƙannensa masunta ne, baƙin da ke zuwa da manyan komaye daga wasu garuruwa, har da na ƙetaren iyaka, a wurinsa suke sauka, kuma ba hannu rabbana suke zuwa ba. Ana so ya hukunta mutanen da yake cin tuwo da su.

Dillalai ma suna da hannu. Muddin akwai mai sayen kifin da bai kai tsawon yatsa ba, a shanya shi ko a banɗare shi a auna a tiya, za a samu mai kamo shi. Mai saye a kasuwar Dole ta Zinder ba ya tambayar girman idon komar da ta kama abin da ke cikin miyarsa, kamar yadda masu sayen gashin tsuntsu a Ingila ba su tambayi inda aka samo shi ba.

Damagaram ba ta da bikin su mai girman na Argungu, ko na Bade da ake yi a Gogaram ta Jihar Yobe, wadda ke maƙwabtaka da ita ta kudu maso gabas. Babu sikelin da ake ɗora kifi a gaban gwamna, babu mota, babu kujerar Makka. Ranar da ta fi kama da biki ita ce ranar buɗe tafki bayan an rufe shi, lokacin da masunta ke shiga tare, mata da dillalai su cika gaɓa da kwanoni da buhuna. A ranar ne ake gane yadda aka yi gadin watannin baya: ko komaye su fito da tarwaɗa da karfasa da suka yi ƙiba, ko kuma su fito da laka da 'yan ƙanana, jama'a su fara kallon juna suna lissafin wanda aka ga fitilarsa a bakin ruwa cikin dare.